TASHAR BINCIKEN ITATUWA TA SAMARU: TARIHINTA DA DARASINTA GA ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM

Gabatarwa

Itatuwan da ake gani a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram iri biyu ne. Akwai na gado, waɗanda aka taras tun kaka da kakanni a tsattsaye cikin gonaki, kamar su kuka, da ɗorawa, da tsamiya, da kanya, da marke, da gawo. Akwai kuma baƙi, watau darbejiya da ke inuwantar da kasuwanni da harabar makarantu, da turare da ake dasawa sahu-sahu a bakin hanya, da malaina. Yaro mai tasowa a yau ba ya rarrabe tsakanin ɗan gida da baƙo, gani yake duk haka Allah ya shuka su. Alhali kuwa a farkon ƙarni na 20 babu ko ɗaya daga cikin baƙin nan a ƙasar Kano. Mutane ne suka kawo irinsu daga Asiya da Ostareliya, suka gwada su shekara da shekaru, waɗansu suka karɓi ƙasar, da yawa kuma suka mutu aka mance da su.

Muhimmi daga cikin wuraren da aka yi wannan gwaji shi ne Tashar Binciken Itatuwan Sabana da ke Samaru, kusa da Zariya, wadda aka kafa cikin 1964. Tarihin tashar nan ya cancanci ɗalibai da ma'aikatan gwamnati su san shi, domin har gobe kuɗin jama'a na shiga aikin dashen itatuwa, kuma yawancin tambayoyin da ke gaban mai tsara irin wannan aiki an riga an yi su a Samaru, an sami amsar waɗansu, an kuma gane inda aka yi sake.

Asalin aikin daji na zamani

Aikin daji irin na hukuma, mai doka da ma'aikata da taswira, daga Indiya Turawan Ingila suka ɗauko shi. Can ne aka naɗa wani Bajamushe, Dietrich Brandis, babban sufeton dazuzzuka cikin 1864, aka kuma buɗe makarantar daji a Dehra Dun cikin 1878. Cikin 1903 aka ɗauko H. N. Thompson daga ƙasar Bama aka ba shi riƙon dazuzzukan Kudancin Nijeriya. Bayan haɗe Kudu da Arewa cikin 1914, sai aka yi Dokar Daji ta 1916, wadda ta ba hukuma ikon keɓe daji ta mai da shi gandu, ta hana sara da noma a cikinsa sai da izini. Burin shugabannin aikin a lokacin shi ne a keɓe kashi 25 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya, amma abin da aka iya keɓewa bai wuce kimanin kashi 10 ba.

Hankalin hukuma a zamanin nan yana Kudu ne, inda kurmi yake, inda kuma ake fitar da katako zuwa Turai. Saboda haka gwaje-gwajen farko can aka yi su. A Sapoba, ƙasar Binin, aka fara jarraba wata dabara ta Bama cikin 1927, inda manomi ke noma abincinsa tsakanin 'ya'yan itatuwan hukuma har su yi girma. A Olokemeji kuma, yamma da Ibadan, cikin 1929 aka yanki fegi uku don a ga aikin wuta: ɗaya a ƙone shi da farkon rani, ɗaya a ƙone shi da ƙarshen rani, na uku a tsare shi daga wuta ɗungum. Da aka ƙidaya itatuwan bayan shekara kusan talatin, sai aka ga fegin da aka tsare ya rufe ya soma komawa kurmi, wanda ake ƙonewa a makare kuwa ya zama fili mai ciyawa da 'yan itatuwa masu jimirin wuta.

A Arewa, yawancin gandayen daji a hannun En'e suke. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na ƙasar Kano a wancan zamani, don haka malaman dajin En'en Kano da hakimai da dagatai ne ke tsaron abin da aka keɓe. Aikinsu ya fi ƙarfi wajen hani da tara. Binciken abin da za a dasa bai samu gata ba tukuna.

Gardamar hamada

Abin da ya jawo hankali zuwa Arewa tsoro ne. Cikin 1934 wani shehin malamin daji na Jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya ratsa arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga busassun gonaki, ya ga ana sassabe. Cikin 1935 ya yi shela a Ingila cewa Sahara na gangarowa kudu da kimanin kilomita ɗaya kowace shekara, kuma in ba a tare ta da ɗamarar itatuwa ba, Kano kanta tana cikin haɗari.

Maganar ta tayar da ƙura har gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. A cikinsa akwai F. S. Collier daga ma'aikatar dajin Nijeriya, da masanin duwatsu Brynmor Jones, da Bafaranshe André Aubréville. Kwamitin bai ga alamar hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Ya lura cewa tuddan rairayin da suka firgita Stebbing tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun riga sun ɗaure su, kuma wanda ya ga ƙasar Hausa da rani kaɗai bai san kamanninta da damina ba. Amma ya yarda cewa akwai wuraren da sara da wuta da yawan noma suka cuci ƙasa, kuma maganin wannan yana nan inda cutar take.

Wannan gardama ba ta mutu ba. Duk lokacin da aka yi fari sai ta farfaɗo, kuma tunanin gina katangar itatuwa a bakin Sahara, wanda ake ji kamar sabo a yau, tun zamanin Stebbing yake.

Baƙin itatuwa na farko

Kafin a kafa wata tashar bincike a Arewa, ma'aikata sun yi ta gwaji gwargwadon hali. Nasarar da ta fi fitowa fili ita ce ta darbejiya, wadda Sakkwatawa ke kira dogon yaro, waɗansu kuma maina. Asalinta Indiya da Bama. Ta biyo ta Gana ta shigo Lardin Barno cikin 1928, daga can aka kai ta Sakkwato da Katsina da Kano cikin shekarun 1930. Sunan darbejiya ma aro ne daga wani baƙon itacen Indiya, Dalbergia, wanda aka dasa a wannan zamani, sunan ya bar mai shi ya liƙe wa maƙwabcinsa.

Darbejiya ta ƙawata garuruwa, amma ba ta biya dukan bukata ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, birane suka cika, bukatar itacen girki da azara da turakun waya ta yi ta hauhawa. Dajin sabana kuwa, ko da na doka ne mai duhu irin na kudancin Zariya, jinkirin girma gare shi, itatuwansa kuma gajeru ne masu karkace-karkace. Masana suka ga cewa tsaron dajin gado kaɗai ba zai wadatar ba, dole a nemo itatuwa masu saurin girma a noma su kamar yadda ake noman dawa.

Cikin 1954 aka kafa Sashen Binciken Daji na Tarayya a Ibadan. Cikin wannan shekara aka keɓe gandun Afaka, kusa da Kaduna, wanda ya zama babban filin gwajin baƙin itatuwa. An kafa makarantar horar da malaman daji a Jos cikin 1958. Duk da haka aikin a warwatse yake: wannan jami'i ya dasa abin da ya samu, a yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi ya kasa gane ina aka samo irin, ko yaushe aka dasa. Itace kuwa ba gero ba ne da za a ga sakamakonsa cikin wata uku.

Kafa tashar Samaru

Bayan samun mulkin kai cikin 1960, Gwamnatin Tarayya ta nemi taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya don a tsara binciken itatuwan sabana a wuri guda. Asusun raya ƙasashe na Majalisar ya ba da kuɗi, Hukumar Abinci da Aikin Gona, wadda aka fi sani da FAO, ta turo masana, aka buɗe tashar cikin 1964 a ƙarƙashin Sashen Binciken Daji na Tarayya.

Zaɓen Samaru yana da dalili. Tun 1922 ake binciken aikin gona a wurin, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 sai tsohuwar tashar gona ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. Watau akwai ɗakunan awon ƙasa, da lissafin ruwan sama na shekaru arba'in, da masana ƙwari da cututtukan shuka, duk a maƙwabtaka.

Samaru ita ce cibiya, amma gwajin kansa an baza shi bisa yawan ruwan sama da irin ƙasa. Akwai Mokwa a kudu inda damina ke da tsawo, da Nimbia a gindin tsaunukan Jos, da Miango a kan tudun Jos mai sanyi, da Afaka, da wurare kewayen Zariya, sa'an nan Yambawa a arewacin Kano da Haɗeja inda ruwa ya yi ƙaranci. Cikin masanan da sunayensu suka fito a rahotannin tashar akwai R. H. Kemp, wanda ya tattara sakamakon gwajin baƙin itatuwa, da J. K. Jackson, da ɗan ƙasa G. O. A. Ojo. Wani sashe na yarjejeniyar shi ne a horar da 'yan Nijeriya su karɓi aikin, haka kuwa aka yi.

Yadda ake gwajin

Hanyar gwajin mataki-mataki ce. Da farko a kawo iri masu yawa, a dasa kowanne a ɗan ƙaramin fegi, a bar su su sha rani biyu ko uku, a ga wanda zai rayu. Wannan mataki tankaɗe ne kawai. Waɗanda suka tsira sai a ba su fegi mai girma, a maimaita kowane iri a wurare da dama cikin filin, a kuma raba wuraren ta hanyar ƙuri'a, don kada wani iri ya dace da lungu mai taki a yaba masa a banza. Kowace shekara a auna tsawon itace da kaurinsa daidai ƙirjin mutum, a rubuta. Iri kaɗan da suka yi fice su ne ake kai wa mataki na uku, watau a dasa eka masu yawa, a lissafta kuɗin da aka kashe da itacen da aka samu.

Daga wannan aiki aka fahimci abubuwa biyar waɗanda har yanzu suna da amfani.

Na farko, sunan itace kaɗai bai isa ba, sai an san garin da aka ɗebo irinsa. Turaren da ake kira Eucalyptus camaldulensis yana fitowa a kusan dukan faɗin Ostareliya. Da aka gwada irinsa daga wurare dabam-dabam a ƙarshen shekarun 1960, sai aka ga na Petford da na Katherine, duka a arewacin ƙasar, sun yi wa sauran fintinkau. Dalili kuwa shi ne, arewacin Ostareliya yana da damina mai zafi da dogon rani kamar ƙasar Hausa. Irin kudancin ƙasar, inda ake ruwa lokacin sanyi, ya yi kyau a ƙasashen bakin Bahar Rum amma ya kasa a nan. Jackson da Ojo sun buga wannan sakamako cikin 1973. Da yawa daga cikin turaren da aka dasa a da aka ce bai karɓi ƙasa ba, laifin na asalin irin ne.

Na biyu, babban abokin gabar ɗan itace a shekararsa ta fari ita ce ciyawa. Saiwarta na shanye damshin da ke saman ƙasa kafin saiwar itacen ta nutsa. Share ɗan da'ira kewaye da shuka bai wadatar ba, sai an nome filin tas kamar gonar gyaɗa har shekara biyu ko uku.

Na uku, renon shuka cikin 'yar jakar leda mai ƙasa ya fi tuge ta tsirara a kai fili, kuma lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama ƙasa ta jiƙu sosai. Wanda ya makara har tsakiyar Agusta ya rage wa shukarsa kwanakin kafa saiwa kafin hunturu.

Na huɗu, ƙasar sabana tana da yunwar waɗansu sinadarai. Turare yakan bushe daga toho da rani saboda ƙarancin wani sinadari da ake kira boron, ɗan kaɗan daga cikinsa kuwa yana maganin abin. Itacen fain, wanda aka kawo daga Amurka ta Tsakiya, yana son takin sufa, kuma ba ya girma sai an haɗa saiwarsa da wata funfuna da ke taimaka masa tsotson abinci. Don haka akan ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fain a gauraya cikin ledar reno.

Na biyar, gara tana cin saiwar turare tun yana ƙarami. A wancan zamani da maganin dieldrin ake kashe ta. Daga baya aka tabbatar guba ce mai daɗewa cikin ƙasa da jikin dabba da mutum, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta sa shi cikin magungunan da aka haramta.

Akwai kuma sakamakon da bai yi daɗin ji ba. A Afaka da Miango da Nimbia, inda ruwa ke da yawa, gonakin itace sun ba da amfani ninkin-ba-ninkin abin da dajin gado ke bayarwa. Amma a arewa, inda damina ba ta wuce wata huɗu, itatuwa sukan yi kyau shekarun farko, sa'an nan su tsaya ko su bushe idan sun shanye damshin da ke ajiye a ƙasa, sai fa inda ƙasa ke da zurfi ko ruwan ƙarƙashi yana kusa. Inda marmara ta tare saiwa kuwa, ko darbejiya ba ta yin abin kirki.

Daga fegin gwaji zuwa gonakin jama'a

Farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi da amfanin gona a arewacin ƙasar, ya kuma mai da maganar hamada bakin kowa. Cikin 1976 aka yi babban taro a Kaduna kan dashen itatuwa a sabanar Afirka, da hannun FAO da gwamnatin Denmak, inda masana daga ƙasashe da dama suka saurari sakamakon Samaru. A cikin shekarun nan ne Sashen Binciken Daji ya zama Cibiyar Binciken Daji ta Nijeriya, tashar Samaru ta zama reshenta, aka kuma buɗe wani reshe a Kano don binciken sahun itatuwa masu tare iska.

Yambawa, wajen Dambatta, ta zama zakaran gwajin dafi. An dasa dogayen sahun turare cikin shekarun 1970 don a tsai da rairayin da iska ke kwasowa tana binne gero. Rairayin ya tsaya, ƙasa ta farfaɗo, manoma suka koma gonakinsu. Amma da L. O. Z. Onyewotu na tashar Kano da C. J. Stigter na ƙasar Holan suka yi awo daga baya, sai suka ga tazarar da ke tsakanin sahu da sahu ta yi yawa, kariyar ba ta kai tsakiyar gona. Suka kuma ga saiwar turare tana shiga gona tana ƙwace damshin geron da ke kusa. Da aka haƙa rami a gefen sahun aka datse saiwoyin, sai geron ya gyaru. Binciken ya nuna har ila yau cewa ba a shawarci manoman ba lokacin dashe, ba su da ikon taɓa itatuwan, saboda haka suna kallonsu a matsayin kayan gwamnati da suka ci musu gona.

Abin da aka bari a baya

Tashar Samaru an kafa ta ne don ta amsa tambaya guda: wane itace ne zai ba da katako da makamashi mafi yawa a gandun hukuma? Ta amsa wannan. Itatuwan da manomi ke bari a gonarsa ba sa cikin tambayar, don haka ba su sami rabonsu na bincike ba sai daga baya.

Cikin shekarun 1980 masana a Jami'ar Bayero, ciki har da Michael Mortimore, suka binciki itacen girkin birnin Kano, aka buga sakamakon cikin 1990. Zaton kowa shi ne za a taras kewayen birnin ya zama ƙeƙasasshen fili. Sai aka taras gonakin da ke kusa da Kano, inda jama'a suka fi yawa, suna riƙe da itatuwansu, domin kowane itace yana da mai shi, ana yi masa sassaka ba a kashe shi. Itacen da birnin ke ƙonawa kuwa motoci ne ke ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa waɗanda ba su da mai tsaro.

A ƙasar Maraɗi kuma, cikin 1983, wani ɗan Ostareliya mai aikin gona, Tony Rinaudo, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwa masu rai, irin su sabara da kalgo, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi zurfi. Idan aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka yanke sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai dabarar ta bazu. Binciken hotunan sama da aka yi cikin shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa ta wannan hanya. Gawo na cikin waɗanda suka fi yawa, shi da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke bukata.

Darasi ga Birnin Kudu da Gwaram

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma cikin 2015. Sai dai jihar ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Arewa da gabashinta rairayi ne mai zurfi na kwarin Chadi. Birnin Kudu da Gwaram kuwa suna kan tsohon dutse, kamar yadda duwatsun Habude da Mesa masu zanen mutanen da suke shaidawa, kuma sun fi sauran jihar samun ruwan sama. Matsalarsu ba rairayi mai tafiya ba ce. Abin da ke damunsu shi ne saran itacen girki da gawayi da ake lodi a bakin babbar hanya, da faɗaɗa gonaki cikin gandun daji da burtali, da wutar daji, da zaizayar ƙasa a gangaren duwatsu da bakin rafuka.

Saboda haka, ma'aikacin da aka ba tsarin dashe a wannan yanki yana da tambayoyin da ya kamata ya amsa kafin ya sa hannu a takardar kuɗi. Ina asalin irin da za a raba? An haƙa ƙasar an ga zurfinta kafin dutse ko marmara? Shukar za ta isa fili a farkon damina, ko sai ranar bikin dashe da manyan baƙi suka zaɓa? Akwai kuɗin noma da tsaro na shekara uku, ko na dashe kaɗai aka tanada? Wa zai mallaki itacen idan ya girma? Rahoton da ya dace a nema shi ne na yawan shukar da ta rayu bayan rani na uku, domin yawan abin da aka raba ba ya nuna ko an sami itace ko ba a samu ba.

Haka kuma turare yana da wurinsa, watau gonar itace ta musamman ko bakin hanya, nesa da gonar hatsi da rijiya. A cikin gona kuwa, renon toho da kare ɗorawa da gawo da tsamiya ya fi arha, ya kuma fi dacewa da bukatar iyali, tun da daga su ake samun kalwa da abincin dabbobi da magani. Tudun duwatsu da ba ya nomuwa, darasin Olokemeji ya ishe shi: a kare shi daga wutar ƙarshen rani, zai rufe da kansa.

Kammalawa

Tashar Samaru tana nan a matsayin reshen Cibiyar Binciken Daji ta Nijeriya, ko da yake yanayin aikin ya canja ƙwarai. Birnin Kaduna ya matsa wa gandun Afaka, kuma cikin Maris 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin daji da ke wurin, abin da ya nuna yadda tsaron dazuzzuka ya taɓarɓare. Gwajin itace yana bukatar fili da ba za a taɓa ba, da ma'aikaci mai zuwa awo kowace shekara, da littafin da za a adana har wanda ya fara aikin ya yi ritaya wani ya ɗora.

Aikin da ya rage wa masu tasowa shi ne su ɗauki hanyar awo da haƙurin da Samaru ta yi amfani da su a kan turare da fain, su yi wa itatuwan gida irin wannan hidima. Ɗorawar wace ƙasa ce ta fi saurin 'ya'ya, maɗacin ina ne ya fi miƙewa, gawo nawa ya kamata a bari a eka ɗaya ta dawa a ƙasar Gwaram: waɗannan tambayoyi ne da ɗalibin jami'a, da malamin daji na ƙaramar hukuma, da manomin da ya ba da gefen gonarsa za su iya fara amsawa tare cikin damina ɗaya, muddin an rubuta abin da aka dasa, da inda aka samo shi, da ranar da aka sa shi ƙasa.